Rabon Gida

Ina yarinya, na dawo daga makarantar lakwal, na zauna a tsakar gidanmu na Birni ina shan ɗorawa, bakina duk ya yi rawaya. Na tattara ɓawon zan kai juji, sai kakata ta riƙe min hannu.

"Ke kin sha naki. Wannan rabon gida ne."

Ta zuba shi a kwatarniyar makuba, jan ruwan da ake kwaɓa ƙasar yaɓe da shi don kada damina ta ci katanga. Warinsa har maƙogwaro.

Yanzu gidan siminti nake, ba ya neman komai a wurina. Amma duk ranar da na sha ɗorawa, sai in tsaya da ɓawon a hannu, in rasa wanda zan ba.