Ruwa a Duwatsun Bahra

"Wai a cikinmu babu wanda ya taɓa bin hanyar nan?"

Ruba ce ta tambayi mijinta Meshari, leɓenta duk ya tsage. Meshari shi ne kafilin mijina Muntaka, wato ubangidan da izinin zamansa da na aikinsa ke hannunsa. Shi ya kwaso ma'aikatansa da matansu ranar Asabar, wai mu taka wani yanki na tsohuwar hanyar mahajjata a duwatsun bayan garin Bahra, kan hanyar Makka. Wayarsa mai taswira ta mutu, ruwanmu ya ƙare tun kafin azahar.

Kowa ya girgiza kai, har da Muntaka. Dama ya sha ce min shi daga unguwarmu Sa'alaba sai ofis, bai san ko'ina ba.

Ni ban so zuwa ba. A irin duwatsun nan Baba ya ɓata, shekarar da ya bi masu shiga Makka a ƙafa ba takardar izini, jagoransu ya hango 'yan sanda ya tsere ya bar su. Ko gawa ba mu gani ba. Muntaka ya sani, tunda a zaman makokin ya fara zuwa gidanmu da buhun shinkafa, alhali ba wanda ya san shi. Amma ya ce, "Sajida, ba a ce wa kafili a'a."

Ina bayansa, idona a ƙasa. Duk inda hanya ta rabu, ƙafarsa kan karkata hagu ko dama kafin Meshari ya zaɓa, sai ya janye ta. Takalminsa kuwa ya sha irin ƙurar da nake gogewa duk Asabar ɗin da ya ce aiki ya riƙe shi.

A hawa na gaba Ruba ta zube. Meshari ya rungume kanta yana ihu, "Ya jama'a, moya! Ruwa!"

Muntaka ya daɗe a tsaye yana kallonta. Sannan ya ce zai zaga, ya haura ta wani tsagi da ba wanda ya lura da shi. Na bi shi daga nesa, bai waiwayo ba. Na kuma riga shi saukowa.

Ya dawo da jarka biyu, ya ce na makiyaya ne. Ruba ta farfaɗo. Meshari ya sumbaci goshinsa, "Wallahi kai ɗan Aljanna ne!" Ni ma na sha. Ruwan sabo ne, ko warin roba bai yi ba.

A mota ya kama hannuna, na bar masa, duk da yanzu na san wane ne jagoran Baba. Inna har yau tana shanya rigunan Baba saboda ranar da zai dawo, kuma a inuwar Muntaka take zaune. Don haka ba wanda zan gaya wa abin da na gani kusa da jarkokin: duwatsu a jere kamar kabari, tsawon mutum, an fuskantar da su alƙibla, a kansu gorar ruwan da ni na ɗinka wa Baba rigarta da hannuna.