Fuskar da Wuta Ba Ta Ci Ba

Da ya yaye ƙyallen da ya lulluɓe zanen, sai kawunsa ya tuntsire da dariya.

"Wanga shi ne Baba? Fuska zololo kamar ta doki, ga ido ɗaya ya fi ɗaya! Abin da aka koya maka a Zariya ke nan?"

Saurayin ya sake duban zanen da ya yi. Hoton kakansa ɗaya tilo ya ƙone ranar da 'yan bindiga suka cinna wa gidansu wuta a Yargoje. Tun da suka yi hijira zuwa Kankara kakarsa ke kukan fuskar marigayin ta fara ɓace mata. A makaranta ya ga yadda masu zanen Armeniya, da aka raba su da ƙasarsu, suka adana fuskokin danginsu da fenti, shi ya sa ya gwada. Yanzu da-na-sani ya kama shi.

Tsohuwar ta matso. Ganinta ya yi rauni, sai ta ɗora yatsu a kumatun zanen, inda ya tara fenti da kauri ya fitar da tsagar gadonsu. Ta bi ta a hankali, daga gefen baki har kunne.

"Shi ne," ta ce.

Sai a lokacin ya sauke ajiyar zuciya. Ta share hawaye da gefen mayafi, ta harare shi.

"Amma maza ka sa mashi hula. Malam bai taɓa fita gaban mutane kai ba hula ba."