Ɗaliba Ɗaya a Ɗakin Zane

Ƙofar ɗakin zane ba ta buɗuwa da makulli kaɗai, sai an ɗaga ta sama an bangaje ta da kafaɗa. Auta ta san da haka. Kullum aka tashi makaranta, 'yan ajin ƙarshe su yi ɗuu su nufi bakin get, ita kuwa ta bi baranda har ƙarshe, ta ciro makullin daga jakarta ta shige.

Zanen injiniya ba ya cikin darussan da ta zaɓa. Nata sun cika tun bara, kuma su ma ba ƙaramin kaya ba ne. Malamin darasin kuwa, wanda yara suka laƙaba wa suna Malam A-sake saboda bai taɓa karɓar zane a karon farko ba, ya yanke jiki ya faɗi a gaban allo tun farkon shekara. Aka kwashe shi sai asibiti. 'Yan ajinsa, da ma neman hanya suke yi, kafin mako ya zagayo kowa ya sulale ya koma wani darasin.

Sai aka yi sanarwa a taron safe. Ƙa'ida ce: duk darasin da ba a samu ɗalibin da ya zauna jarrabawarsa ta ƙarshe ya ci ba, za a soke shi daga makarantar. Ɗakin ya zama sito, gurbin malamin kuma a rufe. Ranar Auta ta ƙwanƙwasa ofishin shugaban makaranta.

"Auta, 'yata, ba dole ba ne fa," in ji shi a hankali. "Ba mai koya miki. Kada ki je neman wannan ki zubar da sauran."

"Malam, a dai rubuta ni."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya rubuta.

Ta fara da tsohon littafin da ta samu a kabad, wanda gara ta cinye wa babi guda sukutum. Ta koyi manna takarda a allon zane, ta koyi fiƙe fensir har ya yi tsini kamar allura. Makonni ta yi tana jan layi da rula mai kai kamar harafin T ba tare da ta jingina kan da gefen allon ba, layukanta duk suna gangarawa, ita kuma ta ɗora laifin a kan tebur, har ta cusa masa takarda a ƙarƙashin ƙafa. Ranar da ta gano kuskuren ta yi dariya, ta waiga don ta faɗa wa wani. Kujeru ne kawai a kife bisa tebura.

Akwai guntattakin katako da malamin ya sassaƙa da hannunsa, masu huji da lungu. Sai ta ɗauki ɗaya ta duba shi ta gaba, ta sama, ta gefe, ta zana abin da ido ya gani da layi mai ƙarfi, abin da ya ɓuya kuma da layi tsinke-tsinke. In ta gama ta ɗaga takardar, ba wanda zai ce ya yi ko bai yi ba. Dole ta zama malama, ta zama ɗaliba, kuma malamar ba ta da sauƙi.

Ƙawarta ta raka ta na ɗan lokaci, ta gaji da shiru da warin robar goge zane, ta daina. A aji, samari kan kwaikwayi tafiyar Malam A-sake, ana ta shewa, amma da Auta ta shigo sai kowa ya kama duba littafinsa. Ta fi son a ce sun ci gaba da dariyarsu. Wannan shirun ya fi komai sa ta jin kaɗaici. A gida ma ba wanda ya tambaye ta me ke tsayar da ita har la'asar. Abin da ke gaban Umma ya ishe ta, ga wanki da ba ya ƙarewa.

Ranar jarrabawa ita kaɗai ce a katafaren zaure, sai mai sa ido, wanda ya ga ba wanda za a yi satar amsa da shi, ya miƙe ƙafa ya hau gyangyaɗi. Ta manna takardar. Da ta ja layin farko ya tafi sambal, sai zuciyarta ta kwanta.

Da sakamako ya fito, shugaban da kansa ya aika a kira ta. Ta ci, kuma ci mai kyau.

"Kin fitar da mu kunya," ya ce yana murmushi. "Darasi ya tsira. Har daga sama an yaba, sun ce ba zai yiwu a bar ɗaki irin wannan ba malami ba. Wata mai zuwa za su turo mana sabo, matashi." Sai murmushin ya gushe, ya sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, 'yata. Makullin... in ba damuwa."

Ta ajiye masa a kan tebur, ta yi godiya, ta fito. Duk hanyar gida ba ta ko ga masu gaishe ta ba.

Ta tarar Umma ta gama juya Baba a kan gado, ta tokare masa shanyayyen hannun da matashi. Bakinsa ba ya iya magana, amma idanunsa na kan ƙofa, suna tambaya. Auta ta goge fuska da bakin hijabinta, ta durƙusa a gefensa.

"Baba, na ci," ta ce. "Ba su rufe ajinka ba. Sun ce kai kaɗai suke jira."