Takardar Jan Babur

Malam Nababa, tun da ka ce kuɗin inshorar tafiya asara ne, kuma jibi jirginka zai tashi, ajiye wayar nan in ba ka wani misali.

An yi wani mai sayar da takalma, mutum ne mai tsokana, irin wanda zai zuba maka gishiri a shayi ya zauna yana taya ka mamaki. Kasuwa ta yi masa kyau, ya ce shi ma bana ƙasar Sin za shi ya saro kaya da kansa. Yana da yaya mace, Yaya Tasalla. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma da injin markaɗe guda ɗaya take ci da kanta da marayunta huɗu. Ta taɓa ji a rediyo cewa asibitin ƙasar waje ba ya sanin baƙo sai da takarda. Ranar da ta ɗauki adashe kuwa, ta kwance haɓar zani ta damƙa masa, ta ce ya je wurin ejan mai shirya masa tafiya ya yanki inshorar nan. Ya je ɗin. Da aka zo kan maganar sai ya ce wa ejan, "Bar shi kawai, ni inshorata Insha Allahu." Kuɗin kuma ya sayi agogo mai ruwan gwal, wai kada a raina shi a jirgi.

Da Yaya ta ce ya nuna mata takarda, ko gezau bai yi ba. Ya ɗaga kujerar babur ɗinsa, ya zaro takardar inshorar babur, wadda ake miƙa wa 'yan sanda a hanya. Yaya ba ta yi boko ba. Ta ga hatimi, ta ga tambari, ta shafa, ta tofa mata addu'a, ta sa a leda, ta cusa cikin fasfonsa da hannunta. Shi kuwa ya juya baya yana danne dariya.

Kwana uku da sauka, yana tsakiyar ciniki, ciki ya murɗe shi kamar ana matse wanki. Wani Alhaji dattijo da suka tafi tare, da tafintansu, Bahaushe mazaunin can, suka kwashe shi sai asibiti. Likita ya danna ƙasan cibiyarsa ya ce hanji ne ya kumbura, in ba a yi tiyata yau ba zai fashe. Matar da ke kan tebur ta tambayi inshora. Alhaji, da zuciya ɗaya, ya buɗe fasfo ya ce alhamdu lillahi ga ta nan har da leda. Mai takalman yana kwance a kan gadon turawa yana gani, yana so ya ce a bari, kunya da ciwo suka haɗu suka riƙe masa harshe. Tafinta ya karanta, ya juya bayanta, ya sake karantawa, sannan ya ce, "Alhaji, mara lafiyar da ke cikin takardar nan ja ne, ƙafarsa biyu, kuma fetur yake sha."

Ba wanda ya yi dariya.

Asibiti suka ce sai an ajiye kuɗi. Jarin takalma ya shiga gaba ɗaya, bai isa ba. Ya kwance agogo ya miƙa, tafinta ya ce ya mayar, a garin ake ƙera irinsa, ko kuɗin allura ba zai yi ba. Alhaji ya cika da nasa kuɗin saro, aka shiga da shi. Da ya farfaɗo, Alhaji ya kira Yaya Tasalla ya kara masa wayar a kunne. Ya ji muryarta tana cewa, "Auta, kai ne? Takardar ta yi aiki ko?" Ya rufe ido ya yi kamar allurar barci ba ta sake shi ba. Dattijon ne ya fita waje ya faɗa mata gaskiya. Ba ta yi zagi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce kada kuɗin bawan Allah ya kwana a wuyan ɗan'uwanta.

Ya dawo ba kwali ko ɗaya, sai ɗinki a ciki. Da ya shiga gidan Yaya da hantsi, lokacin da ƙarar inji kan hana a ji sallama, sai ya ji har kukan kurciya. Inda injin yake, ramukan ƙusa huɗu ne a siminti da tabon baƙin mai. Mata suna wucewa ta ƙofa da robobin tattasai, sun nufi wani gida. Ya durƙusa, ya kasa ɗaga kai. Ta dama masa kunu, ta fifita, ta ajiye a gabansa, ta zauna tana tsince wake na aikatau. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Auta, ya jikin babur ɗin?"

Wallahi da ta mare shi da ya fi masa sauƙi.

To Malam Nababa, in za ka yanka ka yanka, in ba za ka yanka ba, kar ka ce wa na gida ka yanka. Kuma ka daina kallon agogon hannuna, misali na ce zan ba ka. Hausawa dai sun riga sun faɗa: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.