Ranar da Bututu Ya Fashe

Tun da manyan ƙasashe biyu suka soma yaƙi a kan man fetur ɗin Tudun Gawo, jiragensu marasa matuƙa ba sa barin kowa ya fita bayan gari. Yarjejeniya ɗaya suka yi: idan bututun mai ya fashe, a tsagaita wuta har a gyara. A ɗan tsakanin nan ne mutane ke leƙa gona, su kuma binne matattunsu.

Innar Sallau ta rasu tun jiya, bututu kuwa lafiya lau. An yi mata sutura, ga zafin bazara, mata sai ƙara turare suke yi a ɗakin.

Da hantsi Sallau ya ga wansa Tanimu ya saɓa diga.

"Yaya, ina za ka? Ka san abin da suke yi wa duk wanda ya taɓa shi."

"Kai dai tara mutane," in ji Tanimu. "Inna ba za ta sake kwana a ɗaki ba."

Bayan azahar aka ji ƙara daga gabas, sai jiniyar tsagaita wuta ta tashi. Yara suka fito suna murna. Aka sallaci Inna, aka ɗauki makara da sauri, Sallau yana ta waiwaye ko zai hango wansa.

A maƙabarta ya karɓi shebur ya fara haƙa. Liman ya dafa kafaɗarsa.

"Sai haƙuri, Sallau. Wanka ba zai dawo ba. Tunda mun samu fitowa, a haƙa biyu."