Sitiyarin Kacalla

Injiniya Comfort ta ɗora hannuwanta a kan sitiyarin, ta lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya. Shamsiyya na tsaye bayan motar tana haddace yadda matar ke turo baki, don ta kwaikwaya wa 'yan ɗakinsu da yamma.

Shekara guda cur su bakwai suka yi suna haɗa wannan mota a makarantarsu ta Haɗeja. Yau Injiniya ta zo tantance waɗanda za su shiga gasar tseren ɗalibai. Doka ɗaya kowa ke tsoro: duk abin da wani na waje ya ƙera, sai an bayyana shi, shi kuma ya faɗi da bakinsa ɗalibin da ya tsaya a kan aikin. In aka ɓoye, an soke mota.

Sitiyarin ne abin tinƙahonsu. Zaren kacalla ne, ciyawar nan da ta shaƙe kogi, aka tufke shi aka jiƙa da gam, ya bushe ya yi tauri kamar ƙashi, ga shi ba nauyi. Tasi'u direbansu ne ya dawo da shi bayan hutu. Ya ce da hannunsa ya yi, a ma'aikatar babansa da ke Kano. Ba wanda ya yi musu. Mutumin da ke goge takalmi sau biyu a rana, ko sannu zai ce sai ya sirka da Turanci, wa zai ja da shi?

A bakin ƙofar rumfar da suke haɗa motar, Baba Haladu na tsugune da kwandon bandarsa. Daga Guri yake, sana'arsa liƙin kwale-kwale, amma duk Juma'a sai ya kawo kifi makaranta, ya wuni yana kallon motar. Shamsiyya ta fi iya kwaikwayonsa a kan kowa. Takan ranƙwafa, ta cusa hannun hagu cikin riga yadda yake yi, ta shaƙe murya: "Shamsiyya 'yar albarka. Badaru, ya karatu? Mukhtar, an yi ƙiba. To, a gaida min wancan mai tuƙin." Sai a kwashe da dariya, wai tsoho ya haddace kowa, sunan ɗan gayu ne ya fi ƙarfin bakinsa. Tasi'u ma yakan yi dariyar, ya fita shan iska. Babban kifin da tsohon ke bari a kujerar direba kuwa, ita ke cinyewa.

Injiniya ta buɗe ido. "Dama, gurbin yatsu huɗu. Hagu, uku. Me ya sa?"

Tasi'u ya gyara wuyan farar rigar tserensa, ya ce wurin maɓalli ya bari, haka ake yi a ƙasashen waje.

"Riƙe mu gani."

Ya riƙe. Ƙaramin yatsansa na hagu ya rasa mazauni, ya tsaya a sama shi kaɗai. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Injiniya ta yi rubutu, ta ce a tura motar kan sikeli.

Suka dafa suka tura. Tayar gaba ta karkace ta nufi ginshiƙi, ba kowa a ciki. Kafin wani ya motsa, Baba Haladu ya zabura, ya zura hannu ya cafke sitiyarin ya murɗa. Motar ta miƙe. Hannun hagu ne ya fito daga riga, yatsu uku da babban yatsa, kowanne ya faɗa gurbinsa kamar an auna.

Tsohon ya janye hannun da sauri, amma an riga an gani.

"Baba, kai ka yi wannan?" in ji Injiniya.

Ya dubi ƙasa. "Tun yana ɗanye na damƙe shi, ranki ya daɗe, na ji ko zai yi daɗin riƙo. Na manta hannuna ba irin na mutane ba ne."

Kunya ta rufe Shamsiyya har kunne. Ita ce ta rubuta a takarda, da manyan baƙaƙe, cewa a Kano aka yi shi. Badaru ya harari Tasi'u. Tasi'u na kallon takalminsa.

"Aiki ya yi kyau," in ji Injiniya. "Ba zan so in soke motar nan ba. Faɗa min sunan ɗalibin da kuka yi aikin tare, in gyara takarda."

"Wancan ne."

"Suna nake so, Baba. Haka doka ta ce."

"Mai tuƙin."

Ta duba agogo, ta cire marfin biro. "In ba ka san sunansa ba, ba tare kuka yi ba ke nan."

Tsohon ya kawar da kai gefe.

Shekara guda ta wahala na shirin tafiya a kan suna ɗaya. Shamsiyya ta kasa haƙuri, ta matso gabansa tana tafa hannu kamar mai koya wa ɗan yaye magana. "Haba Baba, kullum kana nan. Ta-si-'u. Ce Ta. Ko sai na ce maka 'wancan mai tuƙin'?" Ta ƙarasa da muryarsa sak, har wasu suka yi ƙaramar dariya.

Biron Injiniya ya taɓa takarda.

Tasi'u ya zare safar hannunsa. Ya tako a hankali, ya ture Shamsiyya gefe ba tare da ya dube ta ba, ya durƙusa a gaban kwandon banda, farin wandonsa cikin baƙin mai.

"Ko za a soke mota goma ba zai faɗa ba, Injiniya," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ni ne ɗansa na fari."