Ranar da Mang Perto Bai Tsaya Ba

Sabon takalmin yana cizon Mang Perto a dunduniya, amma bai rage tafiya ba, bai kuma ƙara ba. Ya karkata lema zuwa hagu, ɓangaren da matarsa Luningning take bi shekara arba'in da ɗaya, ya bar rana tana dukan kafaɗarsa ta dama.

Abu ɗaya ya sa a gaba: ya kai ta gida ba tare da ya tsaya ko'ina ba. Sati biyar ke nan rabonta da gidan, tun ranar da aka kai ta asibiti. Ning kuwa ba ta riƙe hanya. Wata shekara, ta babbar ambaliya ce ko wadda ta biyo bayanta, ya tsaya a kasuwar kifi yana musun ƙwallon kwando, ya waiga babu ita. Sai bayan awa uku aka same ta a bakin kogi, unguwa biyu gaba.

Shi kuma duk garin Hagonoy an san shi da tsayawa. Tafiyar minti goma takan ci masa yini.

"Kin ga, Ning," ya ce, muryarsa ba hawa ba sauka, "ƙwallon nan ta lalace. Da, mutum yakan kutsa har ƙarƙashin kwando, ya sha gwiwar hannu a haƙarƙari, ya zura. Yanzu kowa daga nesa yake jifa kamar mai kaɗo mangwaro. In abin ya ƙi, a ɗauko wani dogon baƙo daga ƙetare a ce shi zai cece mu."

Ba ta tanka ba. Dama ba ta tanka masa a kan kwando. Ita damben keji take so, wanda ake rufe mutum biyu a ciki su gwabza. 'Yar tsohuwa mai sayar da wainar shinkafa, wadda ba ta fashin coci, amma da an rufe ƙofar keji sai ta matso bakin kujera tana ihu, "Shaƙe shi, ɗana!" Talabijin ɗinsu ɗaya. Kusan duk faɗansu a kansa ne.

A ƙofar shagon aski, Kaloy ya fito da almakashi a hannu. Shekara talatin suna zagin ƙungiyoyin juna.

"Pare, abokina, shigo ka zauna. Ga fanka."

"Ba yau ba."

"Minti ɗaya. To na yarda, naku sun fi namu. Alƙalin wasa ne ya cuce ku jiya. Shigo ka yi mini dariya."

"Shekara talatin ba ka yarda ba sai yau? Riƙe abinka, mai sanƙo."

Ya faɗa yana tafiya. Kaloy ya tsaya a rana yana bin su da kallo.

"Naki ma ba wani abin kirki ba ne," Perto ya ci gaba. "Ƙarti biyu a kwance a ƙasa, sun rungume juna minti biyar, a ce wasa ake. Amma abu ɗaya na yarda da shi. A keji, in wuya ta kai maka wuya, ka bubbuga ƙasa, alƙali ya raba. A kwando ko an fi ku da arba'in sai kun tsaya agogo ya ƙare." Ya gyara riƙon lemar. "Ke dai ban taɓa ganin kin bubbuga ba."

A filin unguwa, masu babur mai ƙafa uku suna wasan kwando sanye da silifa. Suka gan shi, mai ƙwallon ya rungume ta a ƙirji, wasa ya tsaya. Da wata rana ce, da Perto ya shiga ya nuna musu yadda ake tsare mutum. Ya wuce.

Saura kwanar titi biyu a kai gida sai shagon Aling Belen. Dangin da suke biye da su duk sun ratse nan. Kowa ya riƙe kwalbar lemo, ba mai sha. 'Yarsa Marivic ta biyo shi da gudu, farar rigarta ta jiƙe da gumi.

"Baba, don Allah. Kowa ya tsaya. Ko ruwa ka kurɓa."

"Ba na jin ƙishi."

"To ka taka cikin shagon kawai ka fito. Ƙafa ɗaya, Baba."

"Ƙarfe huɗu za a fara na kejin," ya ce. "Babarki ta rasa kallon biyar a jere."

Ta kama hannun rigarsa. Bai fizge ba, bai kuma tsaya ba, har yatsunta suka sake.

Kwanar titi ta farko. Dunduniyar ta fara jini, yana jin danshinsa a safa kamar a ƙafar wani. Kwana ta biyu. Ya riƙa kiran abin da suke wucewa a hankali, gidan mai kaji, famfo, bishiyar gwaiba, yadda yakan yi mata.

Ya buɗe ƙofa, ya koma gefe, ya riƙe ta. Ya daɗe a riƙe. Sannan ya shiga, ya kunna talabijin. Ƙungiyarsa ce a fili, saura minti biyu, maki ɗaya tsakani. Ya juya zuwa tashar keji. Ya kaɗe matashin kujerar hagu, ya zauna a ta dama.

A can shago, Aling Belen ta tambayi Marivic, "Bai tsaya ba?"

"Ko sau ɗaya."

Tsohuwar ta yi alamar gicciye. Ba wanda ya nemi bayani, don duk wanda ya taso a garin ya san abin da ya sa ake ratsewa shago: in ka dawo daga maƙabarta ka wuce gida kai tsaye, wadda ka binne za ta biyo ka.